Harshen Kare da Fuskar Yaro



Ranka ya daɗe Sarkin Pawa, shugabannin dillalai, malamanmu, Alhazai, 'yan'uwa mahauta da makiyaya da mafarauta da masu gadi, barkanmu da warhaka. Na san kowa ciniki ya baro ya zo ya zauna, Allah ya saka da alheri.

Da aka ce likitan dabbobi zai yi magana a Kasuwar Shanu, na tabbata da yawanku kun ɗauka zancen boru ne, ko ciwon huhu, ko sammore. Waɗannan duk suna nan, za mu zo kansu wata rana in Allah ya kai mu. Yau kan dabbar da ba a saye ba a sayarwa a wannan kara zan yi magana, dabbar da duk da haka ba ta rabuwa da mu: kare. A jikinsa ma ba ko'ina ba, harshensa.

Ga abin da ya sa. Wata rana da sassafe na biyo ta bayan kwata, na ga wani jan kare mai yankakken kunne yana jan huhun da aka jefar. Ban ce komai ba, don abu ne da ido ya saba gani. Da hantsi aka kira ni wani gida nan kusa in duba tunkiya. Ina shiga sai ga wannan karen dai, na gane shi da kunnen, ya tsaya kan wani yaro mai rarrafe yana lashe masa kunun da ya bushe a baki da kumatu. Yaro na ƙyalƙyala dariya. Kakansa na zaune kan tabarma, ya ce da ni, "Likita, ka ga abokai, tare suka tashi." Dattijon nan gaskiya ya faɗa, karen yana son yaron. Amma ni da na ga inda bakin ya kwana ban iya yin dariya ba. Tun ranar nake neman inda zan tara mutanen kasuwa mu yi wannan magana.

Bari mu fara da adalci ga karen. Me ya sa yake son fuskar mutum? Duk wanda ya taɓa kiwon karya mai jego ya ga amsar da idonsa. In ta dawo daga yawo, kwikwiyoyi sukan yi mata caa, suna tsalle suna lasar gefen bakinta. A wurin dangin kare na daji, wannan lasar ita ke sa uwa ta amayo naman da ta ci ta ba 'ya'yanta. Roƙon abinci ne tun asali. Da kwikwiyo ya girma sai roƙon ya zama gaisuwa, ya zama yadda ƙarami ke rusuna wa babba. Karen da ya taso yana neman bakinka in ka dawo daga kasuwa, durƙusawa yake yi maka da irin tasa al'adar. Ba raini ba ne. Ga kuma gishirin gumi, ga ƙanshin tsire ko man shanu da ya saura a gemu, ga majina da kunu a fuskar yaro. Hancinsa yana jin abin da namu ba ya ji.

Akwai dalili na biyu, kuma mu ne muke dasa shi ba mu sani ba. Kwikwiyo ya lashi yaro, yaro ya yi dariya, ya rungume shi. Ya lashi babba, babba ya ture shi da hannu yana faɗa. A wurin karen da ya wuni ɗaure ba wanda ya dube shi, har faɗan ma riba ce, domin an kula shi. Gobe sai ya ƙara. Kafin wata uku abin ya zama ɗabi'a, mai gida kuma yana mamakin inda karensa ya koyo wannan naci.

Game da hukuncin addini, malamanmu suna zaune, fagensu ne. Abin da muka tashi muka tarar a karatun zaure shi ne an yi izinin riƙe kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma an yi umurnin wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau 7. A mazhabar Imamu Malik da muke bi a Borno da ƙasar Hausa, ana ɗaukar dabba mai rai da yawunta a matsayin masu tsarki, wankin kuwa bauta ce da ake yi don bin umurni. Shafi'awa suna ganin najasa ce mai nauyi, har sai an haɗa da ƙasa a wanki ɗaya. Ni abin da zan ƙara daga ɓangaren aikina shi ne, tsarki daban, lafiya daban. Abu yana iya zama bai ɓata maka salla ba amma ya kwantar da ɗanka a asibiti. Kuma mutumin da yake wanke kwano sau 7 don kare ya lasa, bai kamata ya zuba ido kare na lasar bakin jaririnsa ba.

To, me harshen ke ɗauke da shi? A nan zan daɗe, domin wannan ɓangaren namu ne na 'yan kasuwa, musamman 'yan'uwana mahauta.

Kowane mahauci a nan ya taɓa buɗe raƙumi ko saniya ko tunkiya ya tarar da wani ƙullutu a huhu ko hanta, fari, cike da ruwa, wani kamar ƙwan kaza, wani ya kai lemo. Abin da aka saba yi shi ne a sa wuƙa a fere wurin a wurgar, tunda mai saye ba zai karɓa ba. Karnuka kuwa suna jira a gefe. Wannan ƙullutun ba ruwa kawai ba ne. A cikinsa akwai kawunan wata tsutsa masu ɗimbin yawa, wadda likitoci ke kira ekinokokus. In kare ya haɗiye su sai su manne a hanjinsa su girma. Tsutsar ƙarama ce ƙwarai, ba ta fi tsawon ƙwayar shinkafa ba, kuma karen ba ya nuna alamar komai. Yana ci, yana gudu, yana haushi lafiya lau. Bayan kamar mako 6 sai ta fara zubar da ƙwai a kashinsa, ƙwan da ido ba ya gani. Kun san yadda kare ke gyara jikinsa: da harshe yake bin gindin wutsiya da gashi da ƙafafu. Ƙwan ya hau harshe da leɓe. Daga nan sai bakin yaro, ko hannun da zai sa a tuwo, ko bakin randa.

Ku lura da wannan, don mutane suna yawan juya shi. Mutum ba ya kamuwa da cutar nan ta cin naman da ke da ƙullutun. Dole sai ta bi ta cikin kare tukuna. In ƙwan ya shiga cikin mutum sai ya yi masa abin da ya yi wa raƙumi, ya gina ƙullutu, galibi a hanta, wani lokaci a huhu. Kuma ba ya gaggawa. Yaron da aka lasa yana rarrafe sai ya yi shekara 10 ko fiye kafin cikinsa ya fara kumbura, ko ya kama tari da ba ya jin magani. A lokacin wa zai tuna da karen da ya daɗe da mutuwa? Sai a ce sammu, sai a ce iska. Maganinsa kuwa sau da yawa sai an kai ga tiyata, tare da shan ƙwayoyi na tsawon lokaci.

Dabbobinmu ma haka suke ɗauka, ta ciyawa da ruwan da kashin kare ya taɓa. Wato muna ba kare huhu mai cuta, kare ya mayar wa garke, garke ya dawo kwata, mu sake ferewa mu jefa masa. Asarar hanta da huhun da ake zubarwa daga aljihun wa take fita? Akwai kuma 'yar'uwar wannan tsutsa da ke yin ƙullutu a ƙwaƙwalwar tunkiya, ka ga tunkiya tana ta kewaye wuri ɗaya kanta a karkace. In an yanka aka jefa wa kare kan, an sake shuka ta.

A arewacin Kenya akwai makiyaya da ake kira Turkana, masu raƙuma da awaki kamar namu. An san ƙasarsu a cikin wuraren da wannan cuta ta fi yawa a duniya, kuma babban dalilin shi ne kusancin kare da yara, har ana barin kare ya lashe wa jariri amai da kashi saboda ƙarancin ruwa. A ɗaya gefen kuma ga Aisland, tsibirin masu kiwon tumaki can arewacin Turai, wadda cutar ta addaba ƙwarai a ƙarni na 19. Wani likita ɗan Denmak mai suna Harald Krabbe ya rubuta ɗan ƙaramin littafi a 1864 yana bayyana wa manoma yadda tsutsar ke zagayawa tsakanin kare da tunkiya da mutum, aka raba gida-gida. A lokacin babu wani ingantaccen maganin tsutsar. Mutane suka daina ba karnuka kayan ciki, aka tsare wuraren yanka, sannu a hankali cutar ta ɓace daga ƙasar. Niyu Zilan ma, da ta fi kowa suna wajen tumaki, ta bi irin wannan hanya har ta sanar a 2002 cewa ta rabu da ita. Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa a labarin Aisland shi ne babban makaminsu fahimtar mai yanka ce. Wannan muna da ikonsa a nan, yau ɗin nan.

Cuta ta biyu kowa ya san sunanta: haukan kare. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne ba sai an yi cizo ba. Ƙwayar cutar a cikin miyau take. In miyau ya sauka kan lafiyayyar fata, a wanke, shi ke nan. Amma in ya shiga ido, ko hanci, ko baki, ko ya taɓa wurin da fata ta buɗe, Hukumar Lafiya ta Duniya tana sa shi a mataki ɗaya da cizon da ya huda jiki. Ku duba fuskar yaranmu da hunturu: leɓe a tsage, hanci ya yi gyambo, ga ƙuraje. Ku duba ƙafar makiyayi da faso, da hannun mahauci da ba ya rabuwa da yankan wuƙa. Duk ƙofofi ne. Fuska kuma ta fi ko'ina haɗari, domin ƙwayar ta jijiya take bi zuwa ƙwaƙwalwa, kuma daga fuska tafiyar gajeriya ce. Yawanci cutar takan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin ta bayyana, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. In ta bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa, to sai dai addu'a. Hukumar ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da ita duk shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Mun saba zaton mahaukacin kare shi ne mai jajayen idanu da ke bin mutane da cizo. Akwai wannan. Akwai kuma mai shiru. A farkon cutar hali ne ke juyawa: kare mai faɗa ya yi laushi, ya riƙa manne wa mutane yana lasarsu fiye da yadda ya saba, mai fara'a kuma ya koma lungu ya ɓuya. Daga baya muƙamuƙi ya saki, dalala ta yi ta zuba, ya kasa haɗiya. Mai shi sai ya ce ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu cikin bakin zai ciro. Ina roƙonku don Allah kada a yi haka. Makiyaya, ku ma wannan ya shafe ku, domin saniyar da mahaukacin kare ko dila ya ciza haka take yi, tana dalala tana kuka ba ƙaƙƙautawa kamar wani abu ya tsaya mata a maƙogwaro. Kada a sa hannu tsirara a bakinta. A kira likita.

In abin ya riga ya faru, miyau ya shiga ido ko miki, ko an yi cizo ko yakushi, maganin farko yana cikin kowane gida: sabulu da ruwa mai yawa, a yi ta wankewa har minti 15, ido kuwa da ruwa zalla. Ba toka, ba barkono, ba gashin karen da ake ƙonawa a shafa. Daga nan sai asibiti a ranar, a faɗa wa likita gaskiyar abin da ya faru, a fara allura. Karen kuma in an san shi, a killace shi kwana 10 ana ba shi abinci da ruwa, domin karen da ke da cutar a miyau ba ya wuce wannan wa'adi bai nuna ba. Amma kada a zauna jiran kwana 10 kafin a kai yaro. In karen ya mutu, kada a jefar da shi a bola. A sanar da likitan dabbobi, ana gwada ƙwaƙwalwarsa a tabbatar. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke jihar Filato, wadda ke can tun 1924, tana wannan gwaji, kuma tana yin allurar rigakafin karnuka. Allurar mutane kuwa tun 1885 Louis Pasteur ya fara yi wa wani yaro ɗan shekara 9 a Faransa, ya rayu. Ranar rasuwar Pasteur, 28 ga Satumba, ita aka mayar ranar yaƙi da haukan kare a duniya. Shekara fiye da 130 ke nan da samun mafita, bai kamata a ce har yanzu muna binne yara saboda wannan ba.

Sai maganar da na sha ji, wai harshen kare magani ne, a bar shi ya lashe gyambo ya warke. Mutane sun ga kare yana lasar nasa mikin ne suka ɗauka haka. Bakin kare cike yake da ƙwayoyin cuta da shi ba sa damunsa, amma in sun shiga jinin mutum mai rauni suna iya kashe shi cikin kwanaki. Jarirai, tsofaffi, masu ciwon suga da gyambon ƙafa, da masu sikila waɗanda saifarsu ba ta aiki sosai, su ne a gaba wajen haɗari. Yaron da aka yi wa kaciya, da jaririn da cibiyarsa ba ta warke ba, kada kare ya kusance su ko kaɗan.

Yanzu yaya za a raba kare da wannan ɗabi'a? Ba da sanda ba. Na faɗa muku lasa rusunawa ce. In ka doke shi, sai ya ga ranka ya ɓaci, ya ƙara lasar don ya ba ka haƙuri. In dukan ya yi yawa tsoro ya koma cizo. Abin da ke aiki ya fi wannan sauƙi, sai dai yana son haƙuri. Da ya ɗago zai kai baki fuskarka, ka miƙe tsaye, ka juya baya, kada ka dube shi, kada ka ce uffan. Da ƙafafunsa huɗu sun koma ƙasa, ko ya zauna, a nan take ka kira sunansa, ka shafa ƙirjinsa, ka ba shi ɗan ƙanzo ko guntun nama dafaffe. Sai ya gane gaisuwar da ake amsawa ita ce ta zama. Mafarauta sun fi ni sanin wannan, don da irin wannan haƙurin suke koya wa kare ya kamo zomo ya kawo bai ci ba. Sharaɗin kawai shi ne gida ya zama baki ɗaya. In Baba yana juya baya, yara kuma suna miƙa masa kumatu a bayan ɗaki, aikin banza ake yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, saboda haka a fara tun yana kwikwiyo. A wanke wa yaro baki da hannu da ya gama cin abinci, a ware wa kare kaskonsa da wurin kwanansa, kuma kada a bar mai rarrafe da kare su kaɗai a tsakar gida, komai sabonsu.

Samarinmu da ke sayen manyan karnukan Turawa suna kallon bidiyo a waya ana sumbatar kare baki da baki, ina da magana ɗaya da ku. Wancan karen da kuke gani yana da katin allura, ana ba shi maganin tsutsa a kan lokaci, bai taɓa ganin bayan kwata ba, kuma duk da haka likitocin can suna hana a bar shi ya lashi jariri. Ku kuma koyi karanta karenku. In yaro ya rungume shi ka ga yana lasar nasa leɓen, yana hamma, yana kau da kai, ba daɗi yake ji ba, cewa yake a sake shi. Wata lasar ma da yake kai wa fuskar yaro a irin wannan hali ta neman a matsa ce. In ba a ji wannan ba, haƙori ke biyo baya.

Wani lokaci kuma yawan lasa ciwo ne ke sa shi. Karen da ke lasar ƙasa da bango da iska ba ji ba gani, sau da yawa cikinsa ne ke tashi. A Jami'ar Montiriyal ta Kanada an bincika karnuka 19 masu irin wannan hali, aka samu 14 suna da matsala a ciki ko hanji. Wanda ke lasar ƙafa ɗaya har gashi ya zube ya zama miki, a duba kaska da ƙuma da ƙazuwa, a kuma duba zamansa: kare da aka ɗaure da gajeriyar sarƙa cikin zafin Afrilu na Maiduguri, ba inuwa ba ruwa ba yawo, dole ya nemi abin da zai rage wa kansa damuwa. Wannan hakki ne a wuyan mai shi. Muna da Tsangayar Likitancin Dabbobi da asibitinta a Jami'ar Maiduguri, muna da asibitin dabbobi na jiha. A kai kwikwiyo allurar hauka yana wata 3, a maimaita duk shekara. Masana sun nuna in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, cutar ba ta samun hanyar yawo. Maganin tsutsa kuma a tambayi mai suna farazikwantel, domin ba kowane maganin tsutsa ke kashe wannan irin ba, kuma karen da ke zagaya kwata yana bukatarsa duk bayan mako 6.

Ranka ya daɗe Sarkin Pawa, roƙona na ƙarshe gare ka ne da mutanenka. A samu rami mai zurfi da murfi, ko durom da za a riƙa ƙonawa a ciki, duk huhu da hanta da kai da aka ga ƙullutu a jefa can. Wanda yake son ba karensa kayan ciki ya dafa su sosai tukuna. Haka ma ranar Babbar Salla, da kowane gida ke zama kwata, a gaya wa masu fiɗa kada su wurga wa karnukan unguwa abin da suka fere. Ni da abokan aikina a shirye muke mu zo da asuba mu tsaya tare da yaranku wajen fiɗa, mu nuna musu ƙullutun da idonsu har su riƙa bambanta shi da sauran ciwuka.

Na ga hannu a can baya wajen mafarauta. Bismillah, Baba, muna saurare.